Wace Bindiga Ce Ta Dace Da Barewar Amurka?

Duk wanda ya kalli fim ɗin nan No Country for Old Men na 'yan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, wanda ya fito a 2007 ya kuma lashe kyautar Oscar har huɗu a 2008, zai iya tuna yadda Josh Brolin ya fara bayyana. Ya laɓe a bayan dutse a wani fako na jihar Teksas, ya na hangen garken wasu dabbobi can nesa ta madubin bindiga. Ya ɗana, ya harba, garken ya watse, ɗaya ta bi su ta na ɗingishi. Garin bin sawun jinin ta ne ya faɗa kan gawarwakin 'yan ƙwaya da jakar kuɗi ta kimanin dala miliyan biyu, daga nan kuma bala'i ya buɗe.

Yawancin 'yan kallo hankalin su na kan kuɗin ne, da kuma mugun nan Javier Bardem mai askin ban dariya. Ni kuwa tun da zama ya kawo ni jihar Kolorado na fara cuɗanya da mafarauta, wannan harbi na farko shi ya ke tsaya mani a rai. A littafin da aka ciro fim ɗin, wanda Cormac McCarthy ya fitar a 2005, an bayyana irin bindigar filla-filla: .270 ce mai kaurin baki. Duk wani maharbin ƙasar nan zai gaya maka cewa bindigar ba ta da laifi ko kaɗan. Nisan ne ya yi yawa, shi kuma mutumin ya ƙi haƙura.

Dabbar dai sunan ta da Turanci pronghorn, wato mai ƙaho mai reshe. Mutanen yammacin Amurka su na ɗaukar ta a matsayin barewa, ni ma haka zan riƙa kiran ta a nan don sauƙi, amma masana sun ce ba dangin barewar mu ba ce. Ita kaɗai ta rage a zuriyar ta, kuma 'yan'uwan ta na kusa a duniya su ne raƙuman dawa, irin waɗanda ake zuwa kallo a Kure ta ƙasar Nijar. Namijin ya kan kai kilo 40 zuwa 65, ka ce wani matsakaicin rago. Jikin ta ja-ja ne da fari a ciki da ɗuwawu. Idanun ta manya ne, sun fito gefe da gefe, har ta na iya ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya kai ba. Gudu kuwa sai wanda ya gani: ta kan kusa kilomita 90 a awa, kuma ta na da juriyar dogon gudu. A duk nahiyar Amurka babu dabbar ƙasa da ta kamo ta. Wani masani mai suna John Byers ya rubuta littafi a 1997 inda ya ce wannan gudu gado ne daga zamanin da akwai wasu namun daji masu kama da damisa da su ke bin ta, waɗanda su ka ƙare tun dubban shekaru. Maharan sun mutu, gudun ya saura.

Abin mamaki, da duk wannan ƙafa tata ba ta son tsallake shinge. Sai dai ta rusuna ta bi ta ƙarƙashin waya. Shingayen makiyaya da harbin kan mai uwa da wabi su su ka kusa ƙarar da ita: daga miliyoyi masu yawa kafin zuwan Turawa, a farkon ƙarni na 20 an wayi gari saura 'yan dubbai. Doka ce ta dawo da ita. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson wadda ta sa kuɗin harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, wanda daga baya ya kai kashi 11 cikin 100, ake mayar da su ga kula da namun daji. Saboda haka a yau ba haka kawai za ka saɓi bindiga ka shiga daji ba. A jihar Wayomin, inda ta fi yawa, sai ka nemi lasisi, a yi ƙuri'a, idan sunan ka ya fito a ba ka izinin dabba ɗaya tak, a yanki ɗaya, cikin 'yan makwanni na kaka. Wanda aka haifa daga 1966 zuwa yau kuma sai ya nuna shaidar ya yi kwas na sarrafa makami. Bayan muguwar hunturun 2022 zuwa 2023, wadda ta kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a jihar, an ƙara rage lasisin sosai. Ni sai da na yi shekara uku ina nema kafin ya fito mani.

To ka ga mutumin da ya jira shekara uku don harsashi ɗaya, dole ya damu da wane harsashi ne.

Bari in ɗan warware maka lissafin sunayen nan, mai karatu, domin ni ma da farko sun yi mani kama da lambar mota. Idan aka ce .243, ana nufin kaurin harsashin shi ne 243 cikin 1,000 na inci, wato milimita 6 da 'yan kai. Idan aka ce .30-06, to 30 ɗin kauri ne, 06 ɗin kuma shekarar 1906 ce da sojan Amurka su ka fara amfani da shi. Ita kuwa .25-06 kwanson .30-06 ɗin ne aka matse wuyan sa ya riƙe siririn harsashi. Maƙera sun daɗe su na yin haka a ɗakunan su tun wajen 1920 kafin kamfanin Remington ya karɓe shi a 1969. Sai 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, wanda shi da milimita aka auna shi. Har ma akwai na ƙarya a ciki, domin .270 ɗin nan idan ka auna shi .277 za ka samu. Babu wata ƙa'ida guda. Kowane kamfani da yadda ya ga dama ya raɗa wa ɗan sa suna.

Shi kan sa harsashin ɗan mitsitsi ne. Na .243 da ake farauta da shi bai wuce giram 6 da rabi ba, na .270 giram 8 da ɗoriya, na Creedmoor kimanin giram 9. Abin da ke kisa shi ne saurin: ya na fita daga bakin bindiga da gudun mita 800 zuwa 900 da wani abu a daƙiƙa guda.

Mutum uku na tuntuɓa, na samu amsa huɗu.

Na farko wani dattijo ne da mu ke aiki tare, haifaffen Wayomin, wanda ya fara farauta tun ya na ɗan shekara goma sha biyu. Shi a wurin sa .270 ce bindiga, sauran duk kwaikwayo ne. Kamfanin Winchester ya fito da ita a 1925, kuma wani marubucin mujallar Outdoor Life, Jack O'Connor, ya shafe shekaru ya na yi mata kirari har ta zama kamar addini a wurin mutanen zamanin sa. Hujjar dattijon mai ƙarfi ce: da ita ɗaya za ka harbi barewa bana, baɗi ka harbi babbar dabba irin gwankin ƙasar nan, kuma babu ƙauyen da za ka shiga ka rasa harsashin ta a kanti. Na biyu wani matashi ne mai sayar da bindigogi, shi kuma Creedmoor ya sani. Ya buɗe mani jadawali a wayar sa ya na nuna mani yadda dogon siririn harsashin ta ya ke yanka iska. Na uku wani maƙwabci na ne da ya fara da cewa in sayi .300 Magnum don kada dabba ta motsa daga inda ta ke, da ya ga fuska ta kuma sai ya ce to ko .257 Weatherby, wadda aka ƙirƙira a 1944, mai gudu kamar walƙiya da tsada kamar zinari.

Shawarar Magnum ita na fara yarwa, kuma har gobe ina ganin ita ce mafi rashin kan gado. An yi harsashin ne don dabba mai kilo 300. Ka harbi abin da bai fi rago ba da shi, idan ya dace da kafaɗa, rabin naman gaba ya zama jini da ƙashi, sai zubarwa. Duk barewar fa idan an feɗe an cire ƙashi, naman da za ka kai gida bai fi kilo 15 zuwa 20 ba. Wa ya ke da asarar kilo uku?

Akwai kuma abin da maza ba su son faɗa a kantin bindiga. Ita bindiga harbi biyu ta ke yi, na gaba da na baya, kuma na bayan irin na jaki ne. Duk ƙarfin da ta tura harsashi da shi, kafaɗar ka sai ta biya nata kason. Idan ta na dukan ka da zafi, jikin ka ya na koyon tsoro ba tare da ya nemi izinin ka ba: kafin ka gama jan kunama ido ya ƙifta, kafaɗa ta noƙe, bakin bindiga ya goce da kaurin gashi. A yadi 20 wannan ba komai ba ne. A yadi 300 ya isa ya ɗauke harsashi daga huhu ya kai shi tumbi. Na tsaya a filin gwaji na ga ƙarti majiya ƙarfi su na rufe ido kafin ƙara ta tashi, sannan su juyo su ce madubin ne ya kwance. Dukan .243 bai fi kusan rabin na .270 ba, Creedmoor kuma ta na tsakanin su.

Yanzu ga ainihin matsalar barewar Amurka. Ba a kurmi ta ke zaune ba. Fili ne fetal, babu bishiya, sai wata gajeriyar ciyawa mai toka-toka da ta rufe ƙasa iyakar ganin ka. Ranar da na fara murza ganyen ta na shinshina, sai na ji kamar an buɗe mani ƙullin tsohuwa, ashe kuwa dangin tazargade ce. A irin wannan fili dabbar ta riga ka gani tun ka na nisan mil guda. Shi ya sa yawancin harbin ake yin sa daga yadi 200 zuwa 300, yadi irin dai na awon shadda. Yadi 300 ya fi tsawon filin ƙwallo biyu da rabi. Wurin da ake so harsashi ya shiga kuwa, wato huhu da zuciya, bayan kafaɗa kaɗan, bai fi faɗin farantin cin abinci ba.

Harsashi ba a miƙe ya ke tafiya ba, tun da ya bar baki ƙasa ke jan sa. Idan ka saita bindiga ta dace daidai a yadi 200, to a yadi 300 harsashin zai sauka ƙasa da inci 6 zuwa 8. Abin da ya ba ni dariya da na zauna da jadawalin matashin nan shi ne, duk bindigogin da ake ta cacar baki a kan su, .243 da .25-06 da .270 da Creedmoor, bambancin su a wannan nisa bai wuce inci ɗaya da rabi ba. Tsawon gaɓar yatsa ke nan! A kan wannan ne mutane ke ɓata da juna. Sai an haura yadi 400 ne tazarar ke fara buɗewa, idan kuwa aka kai 700 to faɗuwar ta fi tsayin mutum, harbin ya koma caca da ran dabba.

Faɗuwa ma mai sauƙi ce, tunda akwai 'yar na'urar auna nisa da za ka riƙe a hannu ta gaya maka yadi nawa ne. Iska ita ce shu'uma. Wayomin gidan iska ce. A wajen garin Casper har ba'a ake yi cewa ranar da ta tsaya mutane faɗuwa su ke yi don sun saba jingina da ita. Iska mai gudun mil 10 a awa, wadda a can ko hula ba ta ɗagawa, za ta ture harsashin .243 gefe da kimanin inci 7 a yadi 300, na Creedmoor kuma inci 5 da 'yan kai. A nan matashin ya fi kowa gaskiya, kuma na faɗa masa. Sai dai iskar da ke kaɗa ka a inda ka ke kwance ba lallai ba ne ita ke kaɗawa a tsakiyar fili, kuma babu jadawalin da ya san wannan.

Ina cikin wannan lissafi sai kakan mu na wajen uwa ya riƙa faɗo mani a rai. Maharbi ne, da bindigar toka ya yi zamanin sa. Shi bai san wani .243 ba. Ya ɗura albarushi, ya bi da 'yan guntayen ƙarfe, ya danna tsumma, shi ke nan. Bindigar sa ba ta da tabbas idan an wuce taku talatin, don haka duk gwanintar sa ta tafi ga kusantar dabba. Ya na da kan burtu da ya ke ɗaurawa a goshi, ya durƙusa cikin ciyawa ya na sassara ƙasa da bakin kamar tsuntsun na kiwo, har ya shiga tsakiyar garke. To su ma mutanen nan su na da nasu burtun. Barewar Amurka ta na da son ganin ƙwaƙwaf, tun zamanin da mafarauta ke ɗaga ƙyalle a kan sanda ta taho da ƙafar ta ta duba. A yau wasu har hoton saniya su ke riƙewa a gaban su su na tafiya a bayan sa, saboda ta saba ganin shanu. Da tsohon ya ga wannan da ya yi dariya har da hawaye.

A ƙarshe .243 na saya. Winchester ce ta fito da ita a 1955, an daɗe ana yi mata kallon bindigar mata da yara, kuma dattijon nan bai fasa tsokana ta da haka ba. Dalilai na ba su da yawa. Ba ta duka na, don haka ina iya harba ashirin a zama ɗaya ido na a buɗe, har in ga inda harsashi ya sauka ta cikin madubi. Harsashin ta na da sauƙin kuɗi, kuma wanda zai yi wata uku ya na zuwa filin gwaji duk Asabar dole ya duba aljihun sa. Ta kuma haura abin da dokar Wayomin ta gindaya wa mai farautar barewa nesa ba kusa ba. Raunin ta a iska na san da shi, sai na yi wa kai na iyaka tun daga gida: yadi 300 idan iska ta kwanta, 200 idan ta na kaɗawa, abin da ya wuce haka kuwa na Allah ne, ya tafi abin sa.

Wani abin da masu gardamar lamba ke mantawa shi ne ƙirar harsashin kan sa. A cikin .243 ɗin ma akwai marar nauyi da aka yi don ƙananan dabbobi, wanda ke tarwatsewa da zarar ya taɓa fata. Wannan zai yi wa barewa mummunan rauni ne a waje ta gudu da shi. Ana son wanda zai shiga, kan sa ya buɗe kamar naman kaza, ya ratsa huhu biyu. Ni na tagulla zalla na zaɓa maimakon mai dalma, domin ɓurɓushin dalma na watsuwa cikin nama, kuma kayan cikin da aka bari a daji mikiya da hankaki ke ci su sha guba. Jihar Kalifoniya ma ta haramta farauta da dalma gaba ɗaya tun 2019. Naman nan 'ya'ya na za su ci.

Mun fita a farkon Oktoba, ni da dattijon, sanye da hular ruwan lemo mai ƙyalli da doka ta wajabta. Ranar farko wajen hantsi mu ka ga wani namiji mai kyan ƙaho tare da mata bakwai. Na'ura ta ce yadi 410, iska kuma na kaɗa rigar mu kamar tuta. Dattijon ya miƙo mani .270 ɗin sa, ya ce da ita zan iya. Na ce a'a, Baba, bari dai. Ya kalle ni, ya tofar da yawu, bai ce komai ba. Mu na kallo su ka haura tudu su ka ɓace. Wallahi abin ya yi mani ciwo, don ban san ko zan sake ganin kamar sa ba, ga kuɗin mai da na masauki, ga hutun kwana huɗu kacal da na samu a wurin aiki.

Kwana na biyu ko kusa ba mu kusance su ba. Sai a na uku, da sassafe kafin iska ta farka, mu ka hango wani shi kaɗai a gefen wani kwari. Mu ka bar mota a bayan tudu, mu ka bi ta cikin kwarin a sunkuye, sauran yadi ɗari na ƙarshe kuma da rarrafe na yi shi, gwiwa da gwiwar hannu, cikin wata gajeriyar ƙaya mai kama da ƙyarana wadda sai da na yi mako ina cire ta daga tafin hannu na. Na ɗora bindiga a kan jaka ta. Yadi 230. Ya na tsaye ya ba ni gaba, na jira. Ban san ko minti nawa ba ne, na dai san wuya na ya ƙage. Da ya juya ya ba ni gefe, na yi bisimilla na ja kunama a hankali.

Ya zabura ya yi gudu kamar taku arba'in, sannan ya kife. Na isa da wuƙa a hannu na same shi da sauran motsi, na fuskantar da shi gabas na yanka. Harsashin ya shiga bayan kafaɗar dama ya fita ta hagu, bai taɓa naman kirki ba.

Daga nan sauri ake yi. Gashin dabbar nan kamar bututu ya ke, ya na riƙe zafi, kuma duk masu cewa naman ta na da ƙarni galibi sun bar ta ne a bayan mota cikin rana da fatar ta. Cikin minti arba'in mun feɗe, mun sassare, mun zuba a akwatin ƙanƙara. Da mu ka dawo gida uwargida ta yi dambun nama da cinya ɗaya, na yi tsire da gadon bayan da yajin ƙuli da aka aiko mana daga Kano, na kai wa dattijon nasa a wurin aiki. Ya ci tsinke huɗu ya na share gumi, ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya ce da .270 na yi amfani da ko taku arba'in ɗin nan dabbar ba za ta yi ba.